Shiga Siyasa: Riba ko Da-na-sani? Amsa ga Wani Matashin Malamin Makaranta a Maraɗi

Tambaya: Baba, ni malamin makaranta ne ɗan kwantiragi a nan Maraɗi, shekaruna 28. Tun ina jami'a nake sha'awar siyasa, amma mahaifina ya ce duk wanda ya sani da ya shige ta da zuciya ɗaya ya fito da bashi da ɓacin rai, ga shi yanzu ma an rusa jam'iyyun baki ɗaya. Kai da ka daɗe a cikinta, shin akwai amfanin mutum ya ba ta ƙuruciyarsa, ko kuwa ƙarshenta da-na-sani ne?

Amsa: Ɗana, mahaifinka bai faɗi ƙarya ba, kuma ba zan fara da ƙaryata shi ba, domin ni kaina ina cikin mutanen da yake nufi. Na yi shekaru sama da 30 ina riƙe da alli, na yi gwagwarmayar ƙungiyar malamai, na yanki katin jam'iyya a 1992, sannan na zauna a majalisar wata ƙaramar hukuma ta karkara a jihar nan bayan zaɓen 2004. Na ci bashi, na rasa abokai, an kuma yi mini abin da har yau idan na tuna sai na yi istigfari. Duk da haka amsata ita ce akwai amfani, sai dai amfanin ba ya nan a inda yawancin matasa suke zuwa nemansa, kuma wannan kuskuren wurin nema shi ne tushen mafi yawan nadamar da mahaifinka ya gani.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Wanda ya dubi tarihin Nijar tun daga 1960 yana da hujjar jin tsoro. Sojoji sun karɓi mulki sau biyar, a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023, kuma sau ɗaya tak zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe ragama, wato ranar 2 ga Afrilun 2021, shi ma wanda aka miƙa wa bai cika shekara uku a kai ba. Dubi makomar manyan kansu. Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba, wanda ya nemi a ce "a'a" ga ci gaba da zama tare da Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, ya yi gudun hijira na shekaru, da ya dawo gida kuma aka tsare shi. Diori Hamani ya sauka daga fadar shugaban ƙasa zuwa tsarewa. An harbe Ibrahim Baré Maïnassara a Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999. Tandja Mamadou, wanda dattawan garin nan suka sani tun yana perefen Maraɗi a shekarun 1970, ya ɗanɗana kurkukun Kollo. Hama Amadou ya yi takarar shugaban ƙasa ta 2016 daga gidan kason Filinge. Idan wannan ne rabon masu manyan riguna, to uba yana da dalilin tambayar abin da zai sami ɗansa da ke ɗaukar kujerun taro.

Amma ɓacin ran da ya fi cin mutum yakan zo ne bayan nasara, kuma shi ne wanda na fi sani. Ku da aka haifa bayan an buɗe fagen jam'iyyu da wuya ku gane yadda muka ji a 1991. A zamanin Seyni Kountché mutum yakan waiga kafin ya ambaci gwamnati ko da a zauren gidansa ne. Sai ga shi bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, an kira Babban Taron Ƙasa, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yulin 1991 aka kuma rufe a farkon Nuwamba, muna zaune gindin bedi da akwatin rediyo muna jin ana yi wa manyan hafsoshi da ministoci tambayoyi a bainar jama'a. Da taron ya ɗora Cheiffou Amadou, ɗan Kornaka, a kujerar firaminista, mutanen jihar nan suka ji kamar an buɗe musu wata ƙofa da ta daɗe a garƙame. A 1993 ƙawancen jam'iyyu na AFC ya kai Mahamane Ousmane ga shugabanci, kalmar da ke bakin kowa kuwa ita ce canji. Ba a je ko'ina ba wata kalmar ta maye gurbinta, wato wasoso, saboda yadda aka shiga rabon muƙamai tsakanin jam'iyyun ƙawance, tun daga shugabancin kamfanonin gwamnati har zuwa darektan makarantar ƙauye. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashi yana maƙalewa wata da watanni, mu malamai muna cin bashin hatsi a wurin iyayen yaran da muke koyarwa. A Satumban shekarar Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, ƙawance ya watse, a 1995 shugaban ƙasa da sabon firaministansa Hama Amadou suka kasa zama a teburi ɗaya su gudanar da ƙasa. Ranar 27 ga Janairun 1996 da sojoji suka dawo, na ga mutanen da muka yi yaƙin neman zaɓe tare da su suna cewa alhamdu lillahi, ni kuma na kasa ganin laifinsu.

Na daɗe ina nazarin dalilin da ya sa abin ya yi mana zafi haka, na kuma gano cewa mun ɗora zukatanmu ne a kan mutane. Jam'iyyun ƙasar nan sun iya zaɓen suna: Nassara, Tarayya, Rahama, Zaman Lahiya, Jama'a, Gaskiya, Lumana, Jamhuriya. Da sunaye suna aiki da tuni mun wuce sa'a. Amma a aikace kusan kowace jam'iyya gidan mutum ɗaya ce, da shi ake kiranta, idan ya yi fushi ta tsage, idan ya sasanta da abokin gabarsa kowa ya bi. Ka lissafa da kanka: Issoufou da ya fita daga ƙawancen 1993 ya haɗa kai da Nassara, jam'iyyar da aka taru don kayarwa; a 1999 jam'iyyar Rahama ta Mahamane Ousmane ta mara wa Tandja na Nassara baya; a 2011 Hama ya goyi bayan Issoufou a zagaye na biyu, a 2013 suka raba gari. A sama wannan lissafi ne, kuma masu yin sa suna gaisawa a wurin jana'iza da ɗaurin aure. A ƙasa kuwa, a Bagalam ko Mokoyo ko wani ƙauye na Mayahi, akwai wanda ya daina gaida surukinsa, akwai wanda ya bar masallacin unguwarsu saboda limamin ɗan wancan ɓangare ne, sai ya wayi gari ya ji a rediyo cewa ubangidansa ya rungumi mutumin da aka sa shi zagi. Irin wannan mutum shi ne yake cewa siyasa ƙarya ce, kuma daga inda yake tsaye gaskiya ya faɗa.

Sai maganar kuɗi, wadda a Maraɗi take da nauyi na musamman. Garin nan garin fatauci ne tun zamanin gyaɗa, kuma alhazansa sun daɗe da sanin cewa kasuwancin da ya ratsa Ɗan Isa zuwa Jibiya yana buƙatar fahimtar juna da masu mulki. Saboda haka babban ɗan kasuwa yakan zuba dukiya a yaƙin neman zaɓe, wani lokaci a ɓangarori biyu a tare, abin da yake jira kuwa shi ne kwangila ko sassauci a kan iyaka. Ba na zagin kowa da wannan, haka tsarin yake tafiya, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu zaɓe ma sun koyi darasinsu. Sun ga cewa ɗan takara ba ya dawowa sai bayan shekara biyar, don haka suke karɓar nasu tun a hannu: atamfa mai hoton ɗan takara, sabulu, shinkafa, sukari da ganyen shayi na 'yan fada, kuɗin mai na 'yan kabu-kabu. Ranar da ka shiga ƙauye da takardar manufofi, tambayar farko da za a yi maka bayan gaisuwa ita ce me ka zo da shi. Idan kuma ka ci zaɓen, ƙofar gidanka ta zama asibiti da kotu da banki: wannan da takardar magani, wancan matarsa ta haihu, wani jandarmomi sun kama ɗansa. A lokacinmu ɗan majalisar ƙaramar hukuma ba shi da albashi, ɗan kuɗin zama ne kawai idan an yi taro, amma jama'a ba su yarda da haka ba. A nan ne mutumin kirki yake fara lalacewa ba tare da ya yi niyya ba, domin ko dai ya ce babu a kira shi marowaci mai girman kai, ko ya nemo kuɗin daga inda bai kamata ba.

Ni na zaɓi in ce babu, na kuma biya farashinsa. Da wa'adinmu ya ƙare aka zo tsara sabon jerin 'yan takara, na kwana da sanin cewa sunana yana ciki, na wayi gari an sa ɗan wani mai hali wanda bai taɓa halartar taron reshe ko sau ɗaya ba. Wanda ya kawo mini labarin yaro ne da na koyar a aji uku, ya kasa haɗa ido da ni. A tsarinmu na zaɓe na lokacin, mai ƙuri'a jam'iyya yake dangwala wa, jerin sunaye kuwa shugabannin jam'iyya ke tsara shi, saboda haka farin jininka a wurin talakawa ba ya kare ka daga alƙalamin mutum uku da suka rufe ƙofa. Na yi wata shida ba na son jin ko da kiɗan taron siyasa.

To me ya sa duk da haka ban ce maka ka bi shawarar mahaifinka ka rufe babin ba? Saboda da fushin ya huce, na zauna na raba abin da na nema wa kaina da abin da aka yi da hannuna, sai na ga na farkon ne ya tafi, na biyun yana nan.

A yankinmu akwai wani burtali da gonaki suka cinye shi kaɗan-kaɗan har ya zama shanu ba sa iya wucewa sai sun taka shuka. Duk ɗan jihar nan da ya kai shekaruna yana tuna abin da ya faru a Toda a Oktoban 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Bayan wannan masifa ne, a 1993, aka kafa dokar tsarin karkara wadda ta tanadi hukumomin kula da filaye da ake kira Cofo. Dokar tana nan a takarda, amma takarda ba ta auna gona. Sai da muka yi kusan shekara biyu muna zirga-zirga tsakanin mai gari da arɗo da sarki da ma'aikatan gona da na kiwo, muna shan zagi daga manoman da suka zaɓe mu, kafin aka yarda aka kafa alamun siminti a gefe biyu na hanyar. Na rasa ƙuri'u a kan wannan aiki, ina kuma kyautata zaton yana cikin abin da ya sauƙaƙa cire sunana. Amma jam'iyyar da na yi wa aiki yau babu ita, majalisar da na zauna a cikinta an rusa ta, waɗanda suka cire sunana wasu sun rasu, alamun kuwa suna tsaye, kuma duk kaka shanu suna bi ta nan ba a zubar da jini ba. Ban san wata hanya da malamin makaranta zai iya yin irin wannan ba tare da ya shiga inda ake yanke shawara ba.

Haka abin yake a matakin ƙasa idan mutum ya cire idonsa daga kan fuskoki ya dubi abin da ya saura. A Maris ɗin 2005, lokacin da gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da sukari, ga ruwa da lantarki, ƙungiyoyin farar hula sun haɗu suka kira zanga-zanga da zaman gida, kasuwanni suka rufe, aka kama shugabanninsu, amma kafin ƙarshen Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan matakin. A shekarar ce kuma yunwa ta yi tsanani, cibiyoyin jinyar yara masu tamowa suka cika a nan Maraɗi, aka yi ta jayayya a kan ko akwai yunwa ko babu. A 2006 aka ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Na san yadda ake fama da rashin magani da jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, ba sai an gaya mini ba, amma uwar da ta kai ɗanta likita ba ta da ko dala a ɗaure a zane ta san bambancin. Dokar kason mata ta shekarar 2000 ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, a 2019 ta kai kashi 25, kuma na ga matan da aka sa a jeri don cike gurbi kawai sun zama su ne masu tsare kasafin kuɗi fiye da mazan. A 2009 da aka zo da tazarce, Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce ba ya halatta, aka rusa kotun, amma hukuncin ya shiga tarihi kuma duk wanda ya zo daga baya ya san da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Mutane ne suka yi su, yawancinsu ba wanda ya san sunansu, da yawa kuma sun mutu suna ganin kamar sun yi asarar ƙuruciyarsu.

Akwai kuma abin da ba a cika lissafawa ba, wato farashin ƙaurace wa fagen. Ranar 8 ga Nuwamban 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a cikin garin nan, yara fiye da 20 suka rasu. Kai malami ne, ka san irin waɗannan azuzuwa, wataƙila ma a cikin ɗaya kake koyarwa. Ajin zana ba ƙaddara ce kawai ba. Akwai wurin da aka zauna aka tsara ko kuɗi zai tafi ga ginin aji ko ga wani abu dabam, akwai wanda ya sa hannu, akwai wanda ya kamata ya yi tambaya bai yi ba. A 2015 an kashe dukiya mai yawa wajen ƙawata garin nan don bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba da aka kira Maraɗi Kwalliya, an sami tituna da gine-gine da muke amfana da su, amma tambayar me ya kamata a fara yi da me za a jinkirta ita ce ainihin siyasa, kuma idan masu sanin ciwon aji suka ce ba ruwansu, wasu ne za su amsa ta a madadinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya je inda ake rabon jinka.

Game da cewa an rusa jam'iyyu, haka ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an dakatar da ayyukansu, a Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi aka naɗa masu riƙo, a Maris ɗin 2025 kuma aka rusa jam'iyyun gaba ɗaya. Ba zan shiga muhawarar ko hakan daidai ne a nan ba, mutanen kirki sun rabu a kai, kuma ba ita ce tambayarka ba. Abin da zan tuna maka shi ne ƙasar nan ta taɓa yin shekaru 15 ba jam'iyya ko ɗaya, daga 1974 zuwa 1989, kuma mutanen da suka cika zauren taron 1991 ba a jam'iyya suka koyi aikin ba. A ƙungiyar ɗalibai ta USN da ta ƙwadago ta USTN suka koye shi, wasu kuma a samariya da ƙungiyoyin manoma. A can suka iya tsara taro, da rubuta rahoto, da shawo kan mutumin da ba ya son su, da haƙurin shan kaye a ƙuri'a ba tare da fasa ƙungiya ba. Saboda haka a ganina wannan lokaci bai hana ka komai ba daga abin da ya kamata mai shekara 28 ya fara da shi. Ya ma raba ka da jarabar da ta lalata da yawa daga cikinmu, wato fara siyasa daga rakiyar mota da tafi.

Makarantarka tana da kwamitin gudanarwa, tana da ƙungiyar iyaye, tana da ta uwaye mata. Unguwarku tana da matsalar magudanar ruwa ko ta shara ko ta famfo. Ka ɗauki abu ɗaya wanda za a iya nunawa da yatsa, ka bi shi har ƙarshe, ka san ofishin da ke da alhakinsa da dokar da ta shafe shi da layin kasafin da ya kamata ya biya shi. Kana da abin da yawancin abokan zamana a majalisa ba su da shi, wato kana karanta Faransanci, kuma na ga yadda ake karanta wa mutane kasafin kuɗi a gurguje a harshen da ba sa ji, su ɗaga hannu su amince da abin da ba su sani ba. Mutum ɗaya da zai fassara musu shi da Hausa, layi bayan layi, yakan sauya yanayin zaure. Ka kuma dubi abin da manoman jihar nan suka yi da sassaben zamani tun daga shekarun 1980: sun bar kututture ya toho a gona, ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta wajen Agye suka kafa kwamitocin tsaron itace da dokokin kansu, har aka farfaɗo da miliyoyin hekta tsakanin Maraɗi da Damagaram. Abin ya yiwu ne saboda an sasanta tambayar wane ne mai itacen da ke cikin gona, manomi ko ma'aikacin gandun daji, kuma wannan tambaya ta iko ce ko da ba a yi mata gangami da tuta ba.

Akwai sharaɗin da ba na sassautawa a kansa, shi ne kada cikinka ya dogara da siyasa. Duk wanda na gani ya shiga ba shi da sana'a, ya zama bawan wanda ke ba shi na cefane, domin ranar da aka ce ya yi abin da zuciyarsa ta ƙi, sai ya tuna kuɗin haya. Matsayinka na ɗan kwantiragi yana da rauni, ka fi ni sani, kuma a kowane zamani akwai hanyar ladabtar da ma'aikaci mai baki ba tare da an kore shi ba, wato a wayi gari an tura shi wata makaranta can bayan Bermo ana tsakiyar shekarar karatu. Saboda haka ka ƙarfafa aikinka tukuna, ka nemi shiga cikakken aikin gwamnati idan dama ta samu, ka riƙe gona ko ɗan kiwo ko wani ciniki a gefe, ka kuma san iyakar abin da doka ta yarda a faɗa a yau, musamman a Facebook da WhatsApp, inda matasa da yawa suka jawo wa kansu tsarewa a kan saƙon da ba su ma rubuta ba, turawa kawai suka yi. Jarumtar da ba ta gyara komai ba sai jefa iyali cikin zullumi ba abin sha'awa ba ce.

Sannan tun kafin ka shiga ko'ina ka zauna kai kaɗai ka yanke abin da ba za ka yi ba ko da za a ba ka kujera: rantsuwa da Alƙur'ani a kan ƙarya, sa hannu a takardar aikin da ba a yi ba, tura 'ya'yan mutane su yi jifa alhali naka suna gida, zagin wani saboda ƙabilarsa ko yankinsa. Na ce tun kafin ka shiga domin a ciki ba a samun natsuwar yin wannan lissafi, komai yakan zo ne a matsayin ɗan abu kaɗan na yau kawai, don amfanin tafiya. Idan wata rana aka sake buɗe fagen jam'iyyu, a kowace siga, ka shiga wadda ta fi kusa da ra'ayinka, ka yi mata aiki da gaskiya, amma ka riƙe shugabanta a matsayin ɗan Adam mai lissafin kansa, kada ka ɓata da maƙwabcinka dominsa, domin ranar da gobara ta tashi a gidanka maƙwabcin ne zai zo da bokiti.

Ba zan ɓoye maka ba, ko ka kiyaye duk wannan za ka sha takaici. Za ka yi aiki wani ya ɗauki yabon, za a yi maka ƙazafin cin kuɗin da ba ka gani ba, mutanen da ka tsaya dominsu za su sayar da kai a kan turmin atamfa, kuma cikin abu goma da ka sa a gaba da wuya ka ga uku sun tabbata. Matarka ma sai ka shawarce ta, don ita ce za ta dafa wa baƙin da ba ta gayyata ba.

Shi kuwa mahaifinka kada ka yi jayayya da shi, kuma kada ka fara komai a ɓoye. Ka tambaye shi sunayen mutanen da yake nufi, ka saurari labarin kowannensu har ƙarshe, ka lura da abin da kowane ya je nema da kuma wanda ya jingina da shi. Bayan haka ka gaya masa cewa kwamitin makarantarku kake son farawa da shi, ka nemi albarkarsa a kan wannan kaɗai. Idan ka sami kwafin kasafin kuɗin da'irarku na bana daga ofishin magajin gari, ka kawo mini bayan la'asar wata ranar Alhamis mu karanta tare, in nuna maka inda kuɗin azuzuwa yake shiga da inda yakan ɓace. Ka gaishe shi da kyau.